Kifi Mai Fukafukai a Tudun Kaba

Tudun Kaba, ta Makoda
12 ga Yuli

Ƙanwata Aina'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan lafiya lau sai godiyar Allah. Ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa. Inna Hure ƙafar nan ce dai ke matsa mata idan hadari ya haɗo. Ta ce in tuna miki ita da mahaifinki kaka ɗaya suka haɗa, don haka kada ki riƙa lissafa mu a dangin nesa.

Ki yi haƙuri da rubutun kafinta. Kin san garinmu babu sabis, sai dai in rubuta a takarda, ranar kasuwa in je Makoda in ɗauki hotonta in tura miki.

Kwalin wasan nan na kamfaninku da kika aiko wa yara da Babbar Sallah ya iso. Gaskiya yara ba su more shi ba, don ni na ƙwace. Malam Fatihu na firamare ya karanta mana dokokinsa, muka baje shi a ƙofar shagona bayan la'asar. Wasa ne mai daɗi, amma duk jiragen ruwa ne da tsibirai. Ɗan Iya, dattijon nan mai bakin tsiya da ke maƙwabtaka da mu, ya ce, "Kai Ja'afaru, ni da ko kogin kirki ban taɓa tsallakawa ba, me zan yi da jirgi a teku?"

Maganar ta tsaya min a rai. Na samu katako mai kyau na zana gonakinmu a maimakon teku. Jirage suka koma amalanke, tsibirai suka koma kasuwanni, kayan da ake fatauci suka koma gero da dawa da gyaɗa da wake. Katunan ma na sake su da Hausa. Akwai wanda ya ce fara ta sauka, ka koma baya. Akwai na akuyar maƙwabci ta shiga gonarka. Wanda aka fi tsoro shi ne na surukinka ya zo aron iri, don ba ka da bakin hanawa. Mun sa masa suna Amalanke.

Aina'u, ki zo ki ga dattawa suna musu kamar yara. Liman ya zo ya zauna ya tabbatar babu caca a ciki, ya ce a ba shi gwaji ɗaya, tun ranar bai sake tashi da wuri ba. Ƙauyukan kusa suka ji labari, kowa ya ce a yi masa. Ni kuwa ba na hanawa, duk wanda ya kawo katako in yi masa don Allah.

Amma ki kwantar da hankalinki, ban ci amanar masu gidanki ba. Kifin nan mai fukafukai da ke jikin kwalin, na gane tambarinsu ne. Na kai wa Nababa maƙeri ya ƙera min irinsa da ƙarfe, har da 'yar lambar da ke ƙasansa, bai bar komai ba. Duk allon da na gama sai in gasa ƙarfen in manna a gefe, don kowa ya san asalin mai abu. Malam Fatihu ma ya ɗauke mu a bidiyo ya je Makoda ya ɗora a intanet, ya haska kifin sosai. Ya ce mutane na ta kallo.

Ki nuna wa manajanku, na san zai ji daɗi. In ya ƙara miki girma, kada ki manta da wanda ya jawo.

Yayanki,
Ja'afar

*

Legas
15 ga Yuli

Yaya Ja'afar,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna, Allah ya ba ta lafiya. Ina gaida Yaya Furera da yara.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, me ka yi? Bidiyon nan ya riga wasiƙarka zuwa ofis ɗinmu. Da safe manaja ya tara mu ya kunna shi a babban allo, ina zaune sai na ga ƙofar shagonka, na ga Ɗan Iya yana dariya da ragowar haƙoransa. Kafin in gama mamaki sai aka haska kifin, aka tsayar da hoton. Manaja ya karanta lambar da ke ƙasa da ƙarfi, ya juyo ya kalle ni.

Lambar nan ba ta cikin tambarin, Yaya. Lambata ce. Wasan bai fito kasuwa ba tukuna, sai Disamba. Kwalaye kaɗan aka buga aka raba wa ma'aikata mu gwada a gida, kowa da lambarsa, kuma mun sa hannu ba za mu nuna wa kowa ba. Ni na ga ba ni da abokin wasa a ɗakina, na ce Tudun Kaba wa zai gani? Ban gaya maka ba, wannan laifina ne.

Bari in yi maka bayani yadda lauyan kamfani ya yi mana. Da amalanke kawai ka yi, da katunanka na Hausa, ka bar abinka a haka, da wuya su ce maka uffan, don salon yin wasa ba mai iya kulle shi a aljihu. Abin da ba a taɓawa shi ne zanensu da sunansu da tambarinsu. Duk kayan da ke ɗauke da kifin nan, yana gaya wa duniya cewa kamfanin ne ya yi shi. Tun jiya ake kiran ofis daga Kano da Kaduna, wai a sayar musu da na katako mai Hausa, abin da kamfani bai san da shi ba. Ga kuma masu gasa da mu sun ga wasan a buɗe tun bai fito ba.

Don Allah ka tsaya haka. Kada ka ƙara yin ko ɗaya. Malam Fatihu ya goge bidiyon. Duk allon da ka bayar ka karɓo ka cire kifin. An ce in zauna a gida sai an gama bincike. Shekara nawa na yi ina yawo da takardu kafin in samu aikin nan, kai ma shaida ne.

Ƙanwarka,
Aina'u

*

Tudun Kaba
26 ga Yuli

Ƙanwata Aina'u,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna na samun sauƙi. Ban gaya mata komai ba tukuna.

Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin rumfar masu taki, na sake karantawa a zaune. Har yanzu kaina bai ɗauka ba. Wato abin da na yi don in fita haƙƙinsu shi ne laifin? Da na sace na yi shiru da na tsira, da na ce ga mai abu kuma na shiga uku?

Ke kin tashi a birni, bari in gaya miki yadda muka sani. Duk garmar da ta fito daga maƙerar su Nababa tana da shaidar gidansu a wuyanta. In wani maƙeri ya koyi irin ƙirarsu, sai ya je ya gaishe su, ya sa shaidarsu kusa da tasa, kowa ya san inda ya sha. Wanda ya kwaikwayi ƙira ya bar shaidar, shi ake kira ɓarawon hannu, ko ɗiyarsa aka zo nema sai an yi maganar. Da wannan na girma. Ranar da na fara manna kifin nan, alfahari na ji.

Amma ba musu na zo yi ba. Aikinki ya fi min komai a wannan magana. Na ɗauki babur na bi ƙauyuka ina karɓo alluna. Ba ki ga kallon da ake yi min ba. A wani gari mai unguwa ya ce, "Malam Ja'afaru, kyauta ce ka zo karɓa?" Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce gyara zan yi. Ɗan Iya kuwa zama ya yi a kan nasa, ya ce sai dai a ɗauke su tare. Sai da na ce masa yarinya ce za a kora daga aiki, sannan ya tashi ya miƙo min.

Na kankare kifin, na bi da samfefa. Na gasa ƙarfen da kyau lokacin da nake mannawa, don haka ya ci katakon sosai, yanzu kowane allo da rami a gefe. Da na kai wa Nababa labari sai ya ajiye guduma ya ce, "Mai abu ne da kansa ya ce a cire sunansa daga abinsa? Lafiyarsa kuwa?"

Malam Fatihu ya goge bidiyon a gabana a Makoda, har da hawayensa. Amma ya ce wasu sun riga sun kwafa, ya nuna min, har an sa mana kiɗa a wani. Wannan kam ya fi ƙarfin babur ɗina.

Ki gaya min gaskiya, ya maganar aikin? Wa zan je in ba haƙuri? In Legas ce zan zo, ko da tsakiyar damina ce.

Yayanki,
Ja'afar

*

Legas
9 ga Agusta

Yaya Ja'afar,

Salam. Ina lafiya, aiki da godiya. A gaida Inna da kowa.

Na ga hotunan allunan, na gode da wahalar da ka sha. Kada ka zo Legas, ka bar gona wa wa? Ta ɓangarena an gama magana. Ka ci gaba da harkokinka, kada ka sa abin a ranka.

Aina'u

*

Legas
24 ga Satumba

Yaya,

Salam, ina fata kuna lafiya. Na kira ka na kira Malam Fatihu, duk ba ta shiga. Allah ya sa ka shigo Makoda da wuri.

Sadiya, wadda teburinta ke kusa da nawa a ofis, ta kira ni yanzu. Kamfani zai turo mutane wurinka. Har yau ba a daina kira ana tambayar Amalanke ba, sun ga akwai kasuwa, suna so su buga shi da kansu. Za su zo da takarda.

Yaya, don girman Allah kada ka sa hannu a komai. Ko sun yi maka magana mai daɗi, ko sun tsorata ka da kotu, ka ce sai lauya ya karanta. Kifin nasu ne, gaskiya. Amma gonakin da amalanken da katunan nan duka naka ne, daga kanka suka fito, ba su da iko da su sai in kai ka ba su. Ina da wadda muka yi makaranta tare, lauya ce a Kano, za ta zo ta zauna da kai. Ka jira ni.

Aina'u

*

Tudun Kaba
3 ga Oktoba

Ƙanwata Aina'u,

Assalamu alaikum. Albishirinki! Amma bari in fara da gaisuwa kada Inna ta ce ba ni da tarbiyya. Muna lafiya ƙalau. Cirar gyaɗa ce ta ɓoye ni, kasuwa biyu ban leƙa Makoda ba. Bana Allah ya ba mu, har Furera na ƙorafin wurin shanya.

Wasiƙarki ta Agusta gajera ce ƙwarai. Na san fushi ne, kuma kina da gaskiya. Tun lokacin nake roƙon Allah ya ba ni hanyar da zan gyara ɓarnar da na yi miki, sai ga hanyar ta zo har ƙofar gida a mota.

Ranar Talata muna gona aka ce ina da baƙi. Mutum biyu ne daga kamfaninku, ɗaya ɗan Legas, ɗayan kuma Bahaushe ne ɗan Kano, lauya, mai ladabi sosai. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya sha fura. Suka ce in nuna musu Amalanke. Muka yi zagaye ɗaya da su da Liman, ɗan Legas ɗin ya ja katin suruki, da aka fassara masa ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi.

Sai suka fito da takarda da Turanci. Na aika aka kira Malam Fatihu ya karanta. Ya ce abin da ke ciki shi ne na bar musu wasan gaba ɗaya, zane da katuna da suna, ba zan sake yin wani ba, a katako ko a takarda ko a bidiyo, su kuma sun janye maganar kotu. Ya ja ni gefe ya ce, "Ja'afar, ka bari a tambayi Aina'u." Na ce yarinyar da na jefa a wuta ita zan kuma ɗora wa shawara?

Tambaya ɗaya na yi wa lauyan. Na ce, "Ranka ya daɗe, in na sa hannu, an rabu da ƙanwata?" Ya ce, "Malam, kamfani ba zai sake bin kowa a kan wannan magana ba." Na ce a miƙo biro. Sun miƙo ambulan na ce su mayar, ni ba ciniki nake yi ba, fansar aikin 'yar'uwata nake yi. Suka kwashe allunan da katunan da ƙarfen Nababa suka zuba a bayan mota.

Ƙofar shago ta yi shiru da la'asar, ba zan ce ba na ji ba. Amma ranar na yi barcin da rabona da shi tun Yuli. Yanzu ki shiga ofis da kanki a sama. In an buga, ki aiko min ɗaya in ga yadda suka rubuta sunana.

Yayanki,
Ja'afar

Ƙari, daga Makoda: Na kunna waya in tura wannan sai ga saƙonki na Satumba ya shigo. Na karanta. Na kira ki ba ki ɗaga ba. Aina'u, ko da na gani da wuri, ina jin da zan sa hannun. Katako ne da fenti. Aikinki fa?

*

Legas
4 ga Oktoba

Yaya Ja'afar,

Salam. Na ga kiranka, ina riƙe da wayar har ta katse. Ba zan iya faɗa da baki ba.

Yaya, babu aiki. Tun farkon Agusta suka sallame ni. Ranar da na rubuta maka waccan gajeriyar wasiƙar, kwana biyu ke nan da na kwaso kayana daga ofis. Ba fushi ba ne. Ka tambaye ni aiki, na ce da godiya, don haka ake cewa. Na san in na gaya maka za ka daina cin abinci, ka bar gona ka hau mota, Inna ta ji jininta ya hau. Na ce bari in samu wani aikin tukuna, in ba ka labarin muna dariya. Har yau ban samu ba. Ina tsare wa wata mata shagon kayan waya, ina kwana a ɗakin Sadiya.

Lauyan bai yi maka ƙarya ba. Ba za su sake bin kowa ba, don sun riga sun gama da ni kafin su zo wurinka. Babu abin da ya rage da za ka fansa.

Na tura wa ƙawata lauya abin da Malam Fatihu ya karanta maka. Ta ce za ta nemi takardar ta duba, amma kada in sa rai, tunda an fassara maka a gaban shaidu kuma ka yarda. Maganar sunanka a jikin kwali, na tambayi Sadiya. Ta ga zanen da ake shiryawa. Babu.

Tun ɗazu nake karanta inda ka ce su mayar da ambulan. Ni na aiko da kwalin ban yi maka bayani ba, ni na ɓoye maka korar, kai kuma ka ba da abin da ya fi komai faranta maka rai saboda ni. Ban san da wane ido zan kalle ka ba. Ka yafe min.

Ƙanwarka,
Aina'u

*

Tudun Kaba
12 ga Oktoba

Ƙanwata Aina'u,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An gama gyaɗa, an shiga yankan gero.

Jiya na karanta wasiƙarki a kasuwa. Na zauna a kan buhun wani mutum ban san na zauna ba, har ya taɓa ni ya ce zai ɗaura kaya. Na dawo gida na manta da gishirin da Furera ta aike ni. Wata biyu, Aina'u! Wata biyu kina kwana a ɗakin mutane, ni ina nan ina murna da gyaɗa.

Babu maganar yafiya tsakaninmu. Kin ɓoye don kada in ji ciwo, na sa hannu don kada ki ji ciwo, ga shi duk mun ji. Ban san wa zan yi fushi da shi ba. Na gwada yi da lauyan, sai in tuna ko kalma ɗaya bai ƙara ba, ni ne ban iya tambaya ba.

Na gaya wa Inna komai. Ta ce, "Ka rubuta mata ta taho gida ta huta. Ɗaki na nan, hatsi na nan. In ta huce ta nemi aikin daga Kano, kusa da mu." Ni ma abin da na ce ke nan. Ki faɗi rana in tare ki a tasha.

Akwai tambaya ɗaya, ki miƙa min ita ga ƙawarki lauya, don yanzu na daina yarda da hankalina a irin wannan harka. Yau da la'asar dattawa suka taru a ƙofar shago kamar yadda suka saba, ba abin yi. Ɗan Iya ya sa tafin hannu ya share ƙasa ta yi sumul, Liman ya tsinto tsakuwa da ƙwallon dabino ya tara. Suka ce, "Ja'afaru, kai ka san hanyoyin. Zana mana a nan, katunan mun haddace." Har na durƙusa na miƙa yatsa, sai na tuna na sa hannu. Na tashi na ce ruwa zan sha, na shige gida ban fito ba sai magariba.

Takardar ta ce katako, ta ce takarda, ta ce bidiyo. Malam Fatihu ya ce bai tuna ta ambaci ƙasa ba, amma shi ma yanzu tsoro yake ji. Don Allah a duba min da kyau. In na zana da yatsana a ƙasar ƙofar gidana, iska ta share kafin safe, shi ma nasu ne?

Sun ce gobe ma za su zo. Ban san me zan ce musu ba.

Yayanki,
Ja'afar